Sunaye 276: Waɗanda Ke Biyan Bashin Ƙwallon Sikotland

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Akwai fahimtar da ta daɗe tana yawo a tsakaninmu masu koyar da lissafin kuɗi da tattalin arzikin wasanni, wasu daga cikin masu ita ma suna zaune a layin gaban nan. Cewa suke yi maƙwabtaka da Ingila ce ta kassara kulob-kulob ɗin Sikotland: ƙasa ce mai mutum miliyan biyar da rabi, kuɗin talabijin ɗinta bai taka kara ya karya ba, ga gasar Firimiya a ƙofar gida tana kwashe 'yan wasa da masu kallo, to dole a ci bashi. In ka matsa musu sai su ce ai bashi hanji ne, yana cikin kowa. Na sha musu da su a kan wannan, yau ma zan sake. Ƙarancin kuɗin shiga yana bayyana dalilin da ya sa kulob ba zai iya sayen babban ɗan wasa ba. Ba ya bayyana dalilin da ya sa kulob zai saye shi duk da haka, ya bar wani da biya. Wannan wanin nake so mu duba.

Jerin waɗanda suka faɗi kun san shi. Airdrieonians ta rushe a 2002, Motherwell ta shiga hannun akantocin riƙo a shekarar, Dundee a 2003 da 2010, Livingston a 2004 da 2009, Dunfermline da Hearts a 2013. Gretna kuwa, kulob ɗin garin da mutanensa ba su wuce dubu uku ba, attajiri Brooks Mileson ya ɗauke ta daga rukuni na huɗu zuwa na ɗaya cikin kaka uku a jere, har ta buga wasan ƙarshe na Kofin Sikotland a 2006. Da ya kwanta rashin lafiya a farkon 2008 aka daina ganin albashi, kafin shekarar ta ƙare babu kulob ɗin. A wani wasanta na gida a babbar gasar, mutum 431 ne suka shiga kallo. Ba talabijin ce ta kashe Gretna ba. Kulob ne da ya rataya rayuwarsa a aljihun mutum ɗaya.

Na san za a ambaci Setanta, kamfanin talabijin ɗin da ya karye a 2009 bayan ya yi wa gasar alkawarin fam miliyan 125. Gaskiya ne abin ya yi ciwo. Amma ku duba shekarun da na lissafa: rabinsu sun riga Setanta faɗuwa.

Mu zo kan Rangers, domin a nan ne takardu suka fi yawa, kuma kotu ta riga ta tantance su.

A zamanin Sir David Murray an gudanar da Rangers bisa kalmar da shi da kansa ya shahara da ita, wato duk fam biyar da Celtic ta kashe shi zai kashe goma. A 2000 aka sayo Tore André Flo daga Chelsea a kan fam miliyan 12. Zuwa 2004 bashin kulob ya kai wajen fam miliyan 80, sai da aka sayar da sababbin hannayen jari, wanda Murray ne ya ɗauki kusan dukkansu, kafin a rage shi. Wannan bashin banki ne, kowa yana ganinsa a littafi. Akwai wani da ba a gani. Daga 2001 zuwa 2010 kulob ya biya 'yan wasa da ma'aikata sama da fam miliyan 47 ta wata hanya: a zuba kuɗin a asusun amana, asusun ya miƙa wa ɗan wasa a matsayin rance, rancen da babu mai tsammanin za a dawo da shi. Tunda sunansa rance, ba a cire masa harajin albashi ba. Ɗan wasa yana da kwantiragin da aka kai wa hukuma, yana kuma da wata takarda a gefe mai bayanin abin da zai samu ta asusun. Hukumar haraji ta Birtaniya ta ce wannan albashi ne aka sauya wa riga. Kotun farko a 2012 ta ba kulob gaskiya da rinjayen biyu da ɗaya, aka yi ta ɗaukaka ƙara, har Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yulin 2017 cewa albashi ne, haraji ya hau kansa.

Ku tsaya a kan ma'anar wannan. Shekara tara kulob yana sayen 'yan wasan da da kuɗinsa na halak ba zai iya biyansu ba, bambancin yana fitowa daga baitulmali. Ma'aikaciyar jinya a Glasgow da ake yanke wa haraji kafin albashi ya shigo hannunta tana cikin masu ɗaukar nauyin ɗan wasan gaba, ko tana goyon bayan Rangers, ko Celtic, ko ba ta taɓa shiga filin ƙwallo ba. Babu wanda ya nemi yardarta.

A watan Mayun 2011 Murray ya sayar wa Craig Whyte kashi 85 cikin 100 na kulob a kan fam ɗaya, da sharaɗin zai biya bankin Lloyds fam miliyan 18 da yake bi. Ya biya. Daga baya aka gano inda kuɗin ya fito: ya karɓi sama da fam miliyan 20 daga kamfanin Ticketus, a madadin kuɗin tikitin kaka na shekaru masu zuwa. Kamar mutum ne ya zo sayen gidan haya mai bashi a kansa, ya zagaya ya karɓi hayar shekarun gaba, ya biya bashin da ita, ya ce gida ya zama nasa. Adalci ne in faɗa cewa an gurfanar da Whyte bisa zargin zamba, masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi a 2017. Wannan ma yana ƙarfafa maganata: in har doka ba ta kama irin wannan cinikin ba, to dokar ƙwallon ce ya kamata ta hana shi tun farko, ba ta kuwa hana ba.

Daga hawansa har zuwa 14 ga Fabrairun 2012, ranar da kulob ya shiga hannun akantocin riƙo, an tara kusan fam miliyan 9 na harajin albashi da harajin VAT da ba a miƙa ba. Ɗalibai, ku rubuta wannan. Harajin albashi da kamfani ya cire daga kuɗin ma'aikaci ba dukiyar kamfani ba ce ko na minti ɗaya. Amana ce a hannunsa. Wata tara ana biyan kuɗin wuta da na tafiye-tafiye da amanar, hukumomin ƙwallo ba su motsa ba.

Yanzu ga takardar da nake sa kowane ɗalibina ya karanta layi-layi. Akantocin riƙo sun fitar da jerin masu bin Rangers bashi, sunaye 276. A sama akwai hukumar haraji da Ticketus, da miliyoyinsu. Akwai Hearts tana bin fam 800,000, ragowar kuɗin Lee Wallace. Akwai Rapid Vienna tana bin kusan fam miliyan ɗaya na Nikica Jelavić, ɗan wasan da Rangers ta riga ta sayar wa Everton a watan Janairu ba ta gama biyan kuɗin sayensa ba. Sai ka gangara ƙasa: 'yan sanda da suka tsare filin wasa, masu motar ɗaukar marasa lafiya, kamfanin tasi, mai shagon jarida na unguwa. Akwai mai yi wa yara zane a fuska ranar wasa, fam 40. Ana biyan wasu dubban fam a mako, an kasa sallamar mai fam 40.

Me aka yi wa waɗannan mutane? An yi musu tayin abin da bai kai kashi 10 cikin 100 na kuɗinsu ba. Hukumar haraji ta ƙi a watan Yuni, aka rushe kamfanin, Charles Green da abokansa suka sayi filin Ibrox da filin atisaye da sauran kadarori a kan fam miliyan 5.5. Sai hukumar ƙwallo ta gindaya wa sabon kamfanin sharaɗi kafin ta ba shi rajista: ya biya bashin ƙwallo, wato abin da wasu kulob-kulob ke bi. Kun ga yadda aka jera mutane. Kulob ya kare kulob. Mai shagon jarida ya je ya bi layi. Magoya baya ne suka yi karo-karo suka sallami wasu daga cikin ƙananan masu bin bashin, 'yan wasa kuma, har da Sone Aluko na Najeriya da ke kulob ɗin a lokacin, suna cikin tawagar da ta amince da ragin albashin da ya kai kashi 75 cikin 100 ga manyan cikinsu, don kada a kori ƙananan ma'aikata. Duk wanda bai sa hannu a takardar bashi ba ya biya wani abu.

Shekarun nan duka, in aka tayar da zancen Rangers sai gardama ta koma kan ko kulob ɗin da ya fara daga rukuni na huɗu a 2012 shi ne na da ko sabo ne, da ko a ƙwace kofuna. Wannan gardamar magoya baya ce, ba zan shiga ba. Tambayar da ta dame ni ita ce ina masu sa ido suke. An taɓa haramta wa Whyte riƙe muƙamin daraktan kamfani na shekara bakwai tun a 2000. Hukumar ƙwallon Sikotland ba ta ayyana cewa bai cancanci riƙe kulob ba sai a watan Maris na 2012, bayan komai ya rushe. Takardun gefe kuwa, kwamitin Lord Nimmo Smith ya ci tsohon kamfanin tarar fam 250,000 a 2013 saboda ɓoye su, kamfanin da a lokacin ana cikin rushe shi. Gasar da kulob-kulob ne mambobinta, su ne masu jefa ƙuri'a, su ne masu raba kuɗi, ba za ta iya bincikar babban mai kawo mata kuɗi ba. Haɗe babbar gasar Sikotland da ta ƙananan rukunai da aka yi a 2013 ya sauya suna da tsarin rabon kuɗi, bai sauya wannan ba.

Hukuncin da aka dogara da shi, cire maki, yana zuwa ne bayan an gama ɓarna. An cire wa Dundee 25 a 2010, Rangers 10, Hearts 15. A 2024 aka sake cire wa Inverness Caledonian Thistle 15 a watan Oktoba, Dumbarton 15 a watan Nuwamba. Wa ya ji zafin? Mai tikitin kaka. Daraktan da ya ci bashin ya riga ya ajiye muƙami ya tafi gida.

Masu cewa ba za a iya yin ƙwallo ba sai da attajiri mai buɗaɗɗen hannu, su dubi Celtic. A watan Maris na 1994 banki na dab da rufe ta Fergus McCann ya karɓe ta. Ya sayar wa magoya baya hannun jari, ya sake gina filin ya zama mai ɗaukar mutum 60,000, ya ƙi shiga tseren kashe kuɗi da Murray, ya ce shekara biyar zai yi, ya kuma tafi a 1999. A 1998, ranar ɗaga tutar lashe gasa, wasu magoya bayan kulob ɗin suka yi masa ihu saboda a ganinsu marowaci ne. Mutumin da ya fi kowa riƙon amana a wannan zamanin shi aka yi wa ihu, kuma ina ganin mu malamai da 'yan jarida muna da hannu a irin wannan tarbiyyar, domin mun saba kiran mai kashe kuɗi mai buri.

Su kuma dubi Hearts. Vladimir Romanov ya riƙe ta daga 2005 da rancen kamfanoninsa na Lituwaniya, ta ci kofi a 2006 da 2012, albashi yana makara. Da bankinsa ya karye, kulob ya faɗi da bashin kusan fam miliyan 25. Ann Budge ta sa kuɗinta ta fito da shi a 2014, bisa yarjejeniyar cewa magoya baya za su karɓa. Mutum kusan 8,000 suka riƙa zuba ɗan abin da suka iya duk wata, a 2021 kashi 75 cikin 100 na kulob ya koma hannunsu. Motherwell tana hannun magoya bayanta tun 2016. Ana cewa irin wannan mallaka ba ta da jarin yin gogayya. Na ji. Amma kulob ɗin yana nan, ana biyan mai shagon jarida.

Abin da nake kira a yi ba sabo ba ne, na daɗe ina faɗarsa. Duk wata kowane kulob ya nuna shaidar ya miƙa harajin albashi, shaidar ta fito daga hukumar haraji, ba daga bakin sakataren kulob ba. Wanda ya makara a rufe masa rajistar 'yan wasa nan take, a kuma sanar da jama'a. A haramta jinginar da tikitin kakar da ba ta zo ba don sayen kulob. A tantance mai saye da asalin kuɗinsa kafin ciniki. Kuɗin da attajiri zai zuba ya shiga a matsayin jari, kada ya zama rancen da zai iya nema ranar da ya gaji. A soke fifikon da ake ba bashin ƙwallo: in sabon kamfani yana son sunan kulob da tarihinsa da gurbinsa, ya fara da sallamar ƙananan masu bin bashi gaba ɗaya. Daraktan da kulob ya faɗi a hannunsa da bashin haraji a hana shi riƙe wani kulob.

Duk waɗannan ba za su yi aiki ba in kulob-kulob ne za su zartar wa kansu. Ingila ta kafa hukumar sa ido mai zaman kanta da dokar majalisa a 2025, dokar kuwa ba ta shafi Sikotland ba. Harkar wasanni tana ƙarƙashin majalisar Edinburgh, tana da ikon yin tata, kuma ya kamata ta yi.

Shugaban taro, na ci lokaci. Na ga hannaye a layin gaba, ina sauraro.