Jawabi ga Taron Hausawa Mazauna Birtaniya Kan Zaɓen Gari Tsakanin Landan da Mancesta

Gaisuwa da ban girma ga shugaban taro, da malamai, da dattawa, da iyaye mata, da matasa, da kuma waɗanda suka baro aikin dare suka zarce nan ba tare da sun runtsa ba.

Dalilin da ya sa aka keɓe zaman yau ga ma'aikatan lafiya shi ne halin da wasu gidaje na wannan al'umma suka shiga a 'yan watannin nan, inda magidanta da matan aure da suka shigo ƙasar nan ta halastacciyar hanya, suka kuma yi aikinsu ba tare da an taɓa kama su da wani laifi ba, suka wayi gari izinin zamansu yana lilo, saboda kawai sun ajiye aiki a wani gari domin komawa wani garin bisa alƙawarin da bai kai ga takarda ba. Ba za a ambaci sunan kowa ba, domin rufin asiri haƙƙi ne na ɗan'uwa, amma yin shiru a kan musabbabin abin zai zama cin amanar waɗanda ke shirin bin wannan hanyar a yanzu.

Ya kamata a fara da yabo, domin masu wannan sana'a sun cancance shi. Yarinyar da ta yi karatun jinya a Kano ko Katsina ba ta isa ta sa rigar aiki a asibitin Ingila ba sai ta ci jarrabawar Turanci, ta ci jarrabawar kwamfuta ta Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma, sannan ta tsaya gaban masu dubawa ta yi gwajin aiki da hannu wanda ake kira OSCE. Likita kuwa, mafi yawan lokaci, yana bi ta jarrabawar PLAB ne, wadda kashinta na biyu a Mancesta ake yin sa. Waɗanda suka tsallake waɗannan matakai sun ɗaga darajar iyayensu da garuruwansu, kuma da guminsu ne ake biyan kuɗin makarantar ƙanne da na maganin tsofaffi a gida. Abin takaici shi ne mutumin da ya haddace dokokin ba da magani dalla-dalla sai a tarar bai taɓa karanta sharuɗɗan bizar da ke riƙe da shi da iyalinsa ba.

Tambayar da aka fi kawo wa dattawa ita ce wace ta fi tsakanin Landan da Mancesta, kuma kusan kullum da albashi ake buɗe ta. Hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS, wadda aka kafa a 1948, tana biyan ma'aikatan jinya bisa matakai iri ɗaya a duk faɗin Ingila, kuma nas da ta sami rajista tana farawa ne daga mataki na 5, wanda a shekarar 2025 farkonsa ya ɗan haura fam 31,000 a shekara. Abin da ya bambanta Landan shi ne ƙarin tsadar rayuwa, wato kashi 20 cikin 100 na albashi ga masu aiki a tsakiyar birnin, kashi 15 ga na kewayensa, da kashi 5 ga garuruwan da ke gefe, kuma kowannensu yana da iyakar da ba ya wucewa. Idan aka yi lissafi, ƙarin tsakiyar birni ga mai farkon mataki na 5 bai wuce fam 500 da 'yan kai a wata ba, tun kafin a cire haraji da kuɗin fansho, alhali matsakaicin kuɗin haya a Landan ya haura fam 2,000 a wata, na yankin arewa maso yamma kuma, inda Mancesta take, bai kai fam 1,000 ba, ko da yake cikin garin Mancesta ya fi sauran yankin tsada kuma hayarsa tana hawa. Likitoci ma ƙarinsu na Landan ɗan kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka mai mata da 'ya'ya uku da ya bi ƙarin albashi zuwa Landan yakan tarar cewa mai gidan haya ne ya ci ribar tafiyar, shi kuwa abin da ya samu shi ne doguwar tafiya a jirgin ƙasa bayan ya yi sa'a 12 a tsaye.

Duk da haka Landan tana da abin da ba a raina shi. Can ne ofishin jakadancin Najeriya yake, daga can ne jirgi ke tashi kai tsaye zuwa Abuja da Legas, can ne manyan asibitocin koyarwa irin su St Thomas da Royal London suke, inda mai neman ƙwarewa a wani fanni na musamman zai ga cututtuka da na'urorin da ba ko'ina ake samunsu ba, kuma birni ne da aka san Hausa a cikinsa tun da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957. Mancesta ita ma ba ƙauye ba ce, domin tana da babban asibitin Royal Infirmary da na Wythenshawe, tana da unguwanni kamar Cheetham Hill da Longsight inda masallaci da mahaucin halal ba sa wuyar samu, kuma tafiyar sa'a biyu da 'yan mintoci ce a jirgin ƙasa tsakaninta da Landan. Hukuncin da ya fi kusa da gaskiya shi ne saurayi ko budurwa mai neman horo na musamman zai iya jure Landan na 'yan shekaru a ɗaki guda, mai iyali kuwa Mancesta ta fi masa sauƙin numfashi, sai fa idan yana da 'yan'uwa a Landan da za su riƙe masa yara ranar da shi da matarsa duk suke aikin dare.

Sai dai duk wannan awo yana zuwa ne a baya, domin akwai tambayar da ta riga shi. Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja neman goro ba sa fara tambayar girman kasuwar Salaga ko ta Kumasi, sai sun fara sanin wane ne mai masauki, ko amintacce ne, ko yana da mutunci a wurin sarkin gari, tunda a ƙarƙashin sunansa baƙo zai zauna. Haka dokar ƙasar nan ta tsara zaman ma'aikacin lafiya. Bizar ma'aikatan lafiya da kula da marasa ƙarfi, wadda aka fito da ita a watan Agusta na 2020, ɗaure take da ma'aikata guda ɗaya da kuma nau'in aiki guda ɗaya, ta hanyar takardar ɗaukar nauyi da aka fi sani da CoS, wadda lamba ce da ma'aikata mai lasisi daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida take fitarwa da sunan mutum. Da yawa suna zaton NHS uban gida ɗaya ne, ta yadda komawa daga asibitin Landan zuwa na Mancesta tamkar canjin wurin aiki ne irin na ma'aikatar lafiya ta jiha a gida, kuma wannan zaton shi ne tushen ɓarnar. Asibitocin Ingila a rarrabe suke ƙarƙashin hukumomi masu cin gashin kansu, kowace da lasisinta, don haka wanda zai bar wata hukuma zuwa wata dole ne ya sami sabuwar takardar ɗaukar nauyi, ya nemi a sabunta masa biza, kuma kada ya fara sabon aikin sai amincewa ta fito. Doka ta ba shi damar shigar da buƙatar tun wata uku kafin ranar fara aiki, ta kuma ba shi damar ci gaba da tsohon aikinsa yayin da yake jira, saboda haka babu wata larura da za ta sa ya miƙa takardar ajiye aiki, ya saki gidan haya, ya cire yara daga makaranta, alhali abin da ke hannunsa saƙon waya ne kawai na fatan alheri.

Idan aikin ya suɓuce, ko dai don mutum ya ajiye shi ko don an soke lasisin ma'aikatar, ana sanar da Ma'aikatar Cikin Gida, ita kuma takan rage izinin zama zuwa kwana 60, ko abin da ya saura a bizar idan bai kai haka ba. A cikin waɗannan kwanaki ne ake so mutum ya sami wata ma'aikata mai lasisi, ya yi ganawar neman aiki, a tantance shi, a fitar masa da takarda, duk kuwa da cewa babu albashi, kuma bizar ba ta halatta masa karɓar tallafin gwamnati ba. Izinin mata da na yara a jikin nasa suke rataye. Akwai kuma wani sharaɗi da ya kamata masu niyyar Umara ko ziyarar gida su riƙe, wato wanda ya bar ƙasar alhali buƙatarsa tana gaban hukuma, ana ɗaukar ya janye ta. Wanda kuma ya wuce wa'adinsa yana iya rushe lissafin shekara biyar da yake tarawa domin samun izinin zama na dindindin, a daidai lokacin da gwamnati, tun watan Mayu na 2025, ta bayyana aniyarta ta tsawaita wannan jira zuwa shekara goma ga mafi yawan baƙi.

Haɗarin ya fi tsanani ga masu kula da tsofaffi a gidajen kulawa da kamfanoni masu zaman kansu. Gwamnati da kanta ta sanar cewa daga watan Yuli na 2022 zuwa Disamba na 2024 ta soke lasisin ma'aikatu fiye da 470 a wannan fanni, kuma ma'aikata fiye da 39,000 ne ke da alaƙa da su. Daga 11 ga Maris na 2024 aka hana sababbin masu wannan aiki zuwa da iyalansu, sannan a 22 ga Yuli na 2025 aka rufe ɗauko su daga ƙasashen waje. Ƙuntatar ƙofa ta buɗe kasuwa ga dillalai, waɗanda ke karɓar dubban fam da sunan sayar da takardar ɗaukar nauyi, alhali kuɗinta a hukumance 'yan ɗaruruwan fam ne, kuma wajibi ne ma'aikata ta biya da kanta. A nan dole a faɗi magana mai ɗaci: wasu daga cikin masu kai 'yan'uwa wurin waɗannan dillalai, suna karɓar la'ada, 'ya'yan al'ummar nan ne, a sahu ɗaya ake salla da su. Duk wanda ya ci kuɗin marainiya ko na gwauruwa da ta sayar da filin gado domin takardar da ya san babu aiki a bayanta, ya sani cewa haram ya ci, ko da hukuma ba ta taɓa kama shi ba.

Wani laifin kuma na waɗanda abin ya shafa ne, wato ɓoye-ɓoye. Mutum zai sami tayin aiki ya rufe bakinsa don tsoron hassada ko bakin mutane, ba zai nuna wa kowa takardar yarjejeniya ba, sai ranar da wasiƙar kwana 60 ta iso, har ta cinye mako uku a aljihunsa, sannan ya zo wurin liman da hawaye. Neman taimako da sirri a kan buƙata abu ne mai kyau, amma sirri bai hana a nemi mutum ɗaya masani ya duba takarda ba, kamar yadda istihara ba ta soke shawara. Cikin abin da irin wannan dubawa ke tonowa akwai sharaɗin maido da kuɗi, wanda ke tilasta wa ma'aikacin da ya tafi kafin cikar wa'adi ya biya abin da aka kashe wajen kawo shi da horar da shi, kuma akwai wanda bai san da shi ba sai da ya ga an zaftare albashinsa na ƙarshe. Akwai kuma iyakar sa'a 20 a mako ga aikin gefe, wadda masu neman cike gurbin kuɗin ƙaura suke tsallakewa ba tare da sanin cewa suna karya sharaɗin biza ba. Haka nan rukunin WhatsApp ba ofishin lauya ba ne, domin a dokar ƙasar nan laifi ne wanda ba lauya ba, kuma ba shi da rajista da hukumar da ke kula da masu ba da shawara kan shige da fice, ya mayar da ba da irin wannan shawara sana'arsa. Jerin ma'aikatu masu lasisi yana nan a shafin gwamnati na intanet kyauta, kuma ƙungiyoyin ƙwadago irin su RCN da UNISON da BMA suna ba mambobinsu shawara, don haka wanda bai shiga ɗaya daga cikinsu ba ya yi sakaci.

Abin da ake roƙo a wurin wannan taro shi ne mazauna Landan da mazauna Mancesta su daina kallon juna a matsayin jama'a biyu da ke haɗuwa ranar Salla kaɗai. A fitar da manyan likitoci da manyan ma'aikatan jinya daga kowane gari, maza da mata, waɗanda mai shirin ƙaura zai kai wa takardunsa cikin sirri, su faɗa masa halin asibitin da halin unguwar, su kuma tura shi wurin lauya idan abin ya fi ƙarfinsu. A buɗe asusu da za a riƙa zuba masa abin da ya sawwaƙa duk wata, domin wanda lasisin ma'aikatarsa ya faɗi ya sami kuɗin haya da na abinci a cikin kwanakin nan 60, ba tare da an tambaye shi ko Bakano ne, ko Bazazzagi, ko ɗan Damagaram, ko ɗan zangon Kumasi ba. Iyaye mata su ja kunnen 'yan mata masu aikin jinya, dattawa su ja na samari, kuma duk wanda ke da tayin aiki a hannu yanzu, ko na Landan ne ko na Mancesta, kada ya rubuta takardar ajiye aiki sai ya ga lambar ɗaukar nauyinsa da idonsa, ya tabbatar da lasisin ma'aikatar, ya kuma shigar da buƙatar sabunta biza. Allah Ya rufa asirin kowa, Ya fitar da waɗanda ke cikin wannan hali.