Wutar Sola da Lissafin Garinmu: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara na Ƙungiya



Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ciyar da janareta ya gagari asibitin garinmu da rijiyoyin burtsatse. Janareta yana da sauƙin saye, amma kullum sai an zuba masa mai. Ita kuwa sola, nauyinta yana ranar saye ne, ga shi farashin farantanta ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari a duniya tsakanin 2010 da 2020. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara harkar wutarsu, Jami'ar Bayero kuma ta ƙaddamar da tasharta mai megawat 7.1 tun 2019.

Sai dai, jama'a, rana kyauta ce, batir kuwa da wa'adinsa. Fitilun kan titi nawa muka gani sun mutu domin babu wanda aka ɗora wa alhakin kula da su? Saboda haka ina ba da shawara cewa kafin mu kafa faranti ko ɗaya, mu buɗe asusun gyara, masu amfana su riƙa zuba ɗan abu duk wata. Mu kuma mazauna birane mu ɗauki nauyin koyar da matasanmu biyu gyaran kayan da share ƙurar hunturu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ɗaukaka garinmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.