Zama da Manhaja Biyu a Kwamfuta Ɗaya

 Gaisuwa ta musamman ga 'yan uwanmu Hausawa mazauna Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, waɗanda fatauci ko neman ilimi ya hau da su hanyar Agadas da Arlit da In Guezzam, da kuma maƙwabtansu Abzinawa na ƙauyukan duwatsu, irin su Mertoutek da ke cikin tsaunukan Tefedest, inda mutanen farko suka bar zane-zanensu a jikin duwatsu, masana na zuwa kallo har yau.

Bayan haka, mas'alar da za mu tattauna yau ita ce yadda mutum zai zuba wa kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka babbar manhaja ta biyu, wato Linux, ta zauna kusa da Windows ɗin da ya saba da ita, ba tare da ya yi hasarar ko harafi ɗaya daga abin da ya ajiye ba.

Dalilin ɗauko wannan magana shi ne, a ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10, alhali kuwa Windows 11 da ta gaje ta tana da sharuɗɗan da kwamfutoci da yawa, musamman na hannu waɗanda akasarinmu ke iya saye, ba su cika ba. To, malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da ke zaune a wuri kamar Mertoutek, wanda tsakaninsa da mai gyara akwai doguwar tafiya, kuma kwamfutarsa lafiyarta ƙalau, ba ya cikin hikima a ce ya jefar da ita domin kawai wani kamfani ya juya mata baya, tun da almubazzaranci abin ƙi ne a shari'a da al'ada baki ɗaya.

Asalin manhajar Linux kuwa, a shekarar 1983 wani masani Ba'amurke, Richard Stallman, ya shelanta aikin da ya kira GNU, da niyyar a samu manhajar da kowa ke da izinin amfani da ita, da nazarin cikinta, da gyara ta, da raba ta ga wanda ya so. A 1991 wani ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta ƙashin bayan da ya rage, aka haɗa biyun suka zama abu guda. Daga nan nau'o'i suka yawaita: Debian a 1993, Ubuntu a 2004 a hannun Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu, sai Linux Mint a 2006, wadda na fi ba mai farawa shawara a kanta, saboda fuskarta ta yi kusa da abin da idonsa ya saba gani. Duk wanda ya kwafa wa ɗan uwansa ɗaya daga cikin waɗannan, halal ya yi, babu sata a ciki, domin masu ita sun ba da ijaza tun farko.

Mai sauraro zai iya cewa, in haka ne me ya hana a share Windows gaba ɗaya? Amsa ita ce, akwai manhajojin ofis da na wasu na'urorin buga takardu waɗanda ba su aiki sai da Windows, kuma hannun da ya saba da abu ba ya sakinsa rana ɗaya. Saboda haka sai a yi yadda magidanci ke yi idan ya ja katanga ya raba gidansa sassa biyu, kowane sashe da mai shi, zaure kuwa ɗaya: rumbun ajiyar kwamfuta shi ne gidan, wata 'yar manhaja mai suna GRUB ita ce ke zaune a zauren, duk lokacin da ka kunna sai ta tambaye ka sashen da kake nufi.

Yanzu sai ku kasa kunne ga sharuɗɗa, domin a nan ne akan yi kuskuren da ba ya gyaruwa. Sharaɗi na farko, kuma mafi girma, shi ne ka kwafe dukkan takardunka da hotunanka zuwa wata ma'ajiya dabam kafin ka taɓa kome, balle idan akwai sakamakon ɗalibai ko lissafin dukiyar mutane a ciki, waɗanda amana ce a wuyanka. Na biyu, ka duba ko Windows ta kulle rumbun da makullin da ake kira BitLocker. Idan ta kulle, ka rubuta lambobin buɗewa guda 48 a takarda ka adana, sa'an nan ka kwance kullen kafin aiki. Na uku, ka kashe tsarin saurin tashi na Windows, domin shi ba ya barin kwamfuta ta mutu sarai, yakan bar rumbun a riƙe yadda Linux ba za ta iya rubutu a cikinsa lami lafiya ba. Na huɗu, daga cikin Windows ɗin kanta ka rage girman sashenta, ka bar fili. Linux Mint na iya zama a gigabait 20, amma masu ita sun fi son a ba ta 100, kuma ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 4 ta fi ta 2 sakewa.

Wanda zai koma ƙauye, wajibi ne ya gama abin da ke bukatar intanet tun yana birni. Ya sauko da manhajar, wadda nauyinta ya kusa gigabait 3, ya rubuta ta a filashi mai gigabait 8 da taimakon wata manhaja mai suna Rufus, yana sane da cewa duk abin da ke cikin filashin zai goge. Sa'an nan ya cika batir, ya bar caja a jone, domin yankewar wuta a daidai lokacin da ake raba rumbu tana iya lalata sassan biyu gaba ɗaya.

Idan ka soka filashin ka kunna kwamfuta, sai ka danna maɓallin zaɓen mafari, wanda galibi F12 ne a Dell da Lenovo, F9 kuma a HP. Linux za ta tashi daga filashin ba tare da ta taɓa rumbunka ba, kuma wannan dama ce ta jarrabawa: ka gwada sauti, ka gwada kama intanet, ka gwada maɓallan rubutu. Sai ka gamsu tukuna za ka shiga zubawa, kana iya zaɓen Larabci ko Faransanci don karanta umarni. Akwai shafin da zai ba ka zaɓi tsakanin zubawa kusa da Windows da kuma share rumbu duka. Don Allah, 'yan uwa, ku tsaya a wannan shafi ku karanta shi da natsuwa, in da hali a gaban wanda ya taɓa yi, domin zaɓi na biyu yana shafe kome, kuma gaggawa aikin Shaiɗan ce.

Bayan an gama, kada ka firgita idan ka koma Windows ka tarar agogo ya ja baya da awa ɗaya. Sababin shi ne Linux tana ajiye lokacin duniya na Girinwic, Windows kuwa tana ɗaukarsa lokacin gari, mu kuma a Aljeriya da Nijar da Nijeriya muna gaba da shi da awa guda. Maganinsa a umarci Linux ta riƙa ajiye lokacin gari, kada mai duba agogon kwamfuta ya makara ga salla.

Fa'idar wannan wahala tana da yawa. Linux Mint tana zuwa da LibreOffice na rubutu da lissafi, ba sai an saya ba. Tana da tsarin maɓallan Hausa mai fitar da ƙ da ɗ da ɓ, da na Larabci, da na Tifinagh, rubutun Abzinawa wanda aka shigar cikin ma'aunin haruffan kwamfuta na duniya a 2005. Da manhajar Kiwix kuma malami zai iya ɗauko kundin Wikipedia daga birni, ɗalibansa su yi ta bincike a inda babu intanet sam.

Nasihata ta ƙarshe, wanda Allah Ya ba ilimin wannan aiki kada ya ɓoye shi. Ya ajiye filashinsa, ya zauna da maƙwabcinsa su yi tare, ya bar shi ya danna da hannunsa, har kowane ƙauye ya samu mutum ɗaya ko biyu da za a iya nufa da matsala ba sai an jira motar birni ba.

Nan muka kawo ƙarshen shirin namu na yau. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mu daga hasara.