Sa'ad da Waswasi Ya Hana Ka Addu'a
(Karatu: Yohanna 6:35-40)

 

Yau ina magana da wani mutum wanda ba ya fashin sujada, amma ba shi da salama. Da ya durƙusa, sai wata muguwar kalma game da Allah ta faɗo masa a zuciya. Ya nemi gafara, ya ga kamar bai nema daidai ba, ya sake, har sau goma. Ya daina zuwa Jibin Ubangiji. Ya karanta Markus 3:29, ya ce lalle shi ne ya saɓi Ruhu Mai Tsarki. Ɗan'uwana, 'yar'uwata, in kai ne, in ke ce, wani ya riga ya bi wannan hanya.

Sunansa John Bunyan, mai gyaran tukwane a ƙasar Ingila. An haife shi a 1628. Shi ne ya rubuta sanannen littafin nan na tafiyar Kirista zuwa birnin Sama, wanda ya fito a 1678. Kafin wannan, a 1666, yana kurkuku a Bedford saboda wa'azi, ya fitar da labarin wahalar zuciyarsa. Tunani ya yi ta matsa masa dare da rana cewa ya sayar da Kristi. Ya yi ta ƙi, har wata safiya ya ga kamar ya yarda. Daga nan ya ɗauki kansa kamar Isuwa na Ibraniyawa 12, wanda ya sayar da gadonsa. Ya daɗe ƙwarai cikin wannan duhu.

Bunyan ya ba da labarin wani tsohon littafi da ya taɓa faɗowa hannunsa, wanda ya kusa yayyagewa: bayanin Martin Luther a kan Galatiyawa. Luther ma yakan yi sa'o'i yana furta zunubansa, bai sami hutu ba. Da Bunyan ya karanta, sai ya ga kamar daga cikin zuciyarsa aka rubuta shi. Mutumin da ya mutu tun 1546 ya zama abokin kukansa.

Daga baya, yana tafiya a fili, ya gane cewa adalcinsa Yesu ne, yana kuma Sama. Zuciya mai daɗi ba ta ƙara shi, zuciya mai tsoro ba ta rage shi. Ayar da muka karanta, aya 37, ta riƙe shi ƙwarai, domin ba ta ware kowa daga masu zuwa wurin Yesu ba.

To, me za ka yi? Na fari, ka sani tunanin da ba ka so ba nufinka ba ne. Da hunturu ƙura takan shiga ɗaki ko an rufe ƙofa, ba maigida ne ya kira ta ba. Na biyu, ka yi addu'arka sau ɗaya, ka ce amin, ka tashi ka tafi gona. Maimaitawa takan ba da sauƙi na ɗan lokaci, amma ita ce ke ciyar da waswasin. Na uku, kada ka ɓoye. Ka gaya wa fastonka ko dattijo amintacce. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan ciwo, suna kiransa OCD, ana kuma jinyarsa da shawara da magani. Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne.

Iyaye, in yaronku ya kawo muku irin wannan kuka, kada ku tsawata masa. Ku zauna ku karanta masa labarin Bunyan da harshenku na gida.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba na Sama, ka ga masu gajiya da tunaninsu. Ka ba su barci a daren nan, ka ba su wanda za su gaya wa. Cikin sunan Yesu, amin.

Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Ku huta lafiya.