Lesin da Shirin Jarrabawa: Gyaran da Muke Makara da Shi

 

An nemi in yi magana a wannan taro a kan lesin, karatun nan da ake biya a yi wa yaro bayan an tashi daga makaranta, musamman wanda ake yi don shirin WAEC da NECO da JAMB. Bari in faɗi matsayina tun da wuri. Ba na gaba da lesin. Abin da ke damuna shi ne lokacin da muke fara shi, da kuma abin da muke saye da kuɗinmu. Yawancinmu ba ma tuna lesin sai yaro ya kai ajin ƙarshe na sakandare, jarrabawa saura wata uku ko huɗu, alhali matsalar da ake son magancewa ta samo asali tun yana firamare. Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin a ga laifin iyaye, a dubi abin da ke gaban yaron. Sai ya samu kiredit 5, ciki har da Turanci da lissafi, a WAEC wadda aka kafa tun 1952, ko a NECO da aka kafa a 1999 mai hedikwata a Minna, ko a NBAIS idan ɗan makarantar Arabiyya ne. A makarantun gwamnatin Kano ma akwai kwalifayin kafin nan, wanda shi ke tantance wanda gwamnati za ta biya wa kuɗin jarrabawa. Idan ya tsallake, sai JAMB, hukumar da aka kafa a 1978: darussa 4, tambayoyi 180, awa 2, maki 400. Wato kowace tambaya daƙiƙa 40 ke gare ta. Tun 2015 kuma a kwamfuta kaɗai ake yin ta. Bayan wannan, jami'o'i da yawa na da tasu tantancewar, wadda aka fara a 2005.

A 2024 sama da mutum miliyan 1.8 suka rubuta JAMB, fiye da miliyan 1.4 ba su kai maki 200 ba. A 2025 sama da miliyan 1.9 suka zauna, a sakamakon farko fiye da miliyan 1.5 suka gaza kai rabin makin. Gaskiya ne a shekarar an samu tangarɗar na'ura da ta shafi kusan ɗalibai 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, har shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito ya amsa laifi aka sake musu. Amma ko an cire waɗannan, alƙaluman shekarar da ta gabace ta sun riga sun faɗi abin da ake ciki: cikin kowane yara huɗu, uku ba sa kai rabi. Uban da ya ji haka ya ruga ya biya kuɗin lesin, tausayin ɗansa ne ya kai shi.

Ba mu kaɗai ke cikin wannan hali ba. Wani masani, Mark Bray, ya yi wa hukumar UNESCO nazari a 1999 a kan yadda karatun biya ke bin makarantar boko a duk inda jarrabawa ɗaya ke yanke makomar yaro. Koriya ta Kudu ta haramta lesin gaba ɗaya a 1980. Bai mutu ba, ya koma ɓoye, ya ƙara tsada, har kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke haramcin a 2000. China ta hana kasuwancin lesin a manyan darussan firamare da ƙaramar sakandare a 2021, nan ma masu hali suka ci gaba da ɗaukar malamai a asirce. Na kawo wannan ne saboda nakan ji wasu na cewa gwamnati ta rufe wuraren lesin kowa ya huta. Ƙasashen da suka fi mu ƙarfin aiwatar da doka sun gwada, bai yi ba. Muddin ƙofar jami'a na da ƙunci, iyaye za su nemi mai ƙara wa 'ya'yansu karatu. Saura a tambayi wane irin karatu.

Ku leƙa ɗaya daga cikin wuraren nan bayan la'asar. Aji ne aka yi haya a wata firamare, benci ɗaya mutum biyar, wasu a tsaye jikin taga. Malami na riƙe da littafin tambayoyin shekarun baya, bangonsa har ya cire. Ya karanta tambaya, ya ce amsa C ce, ya wuce ta gaba. Wani lokaci ya ƙara da dabara: idan kun ga tambaya ta zo a siffa kaza, ku zaɓi kaza. Yara na ta rubutu, ba mai ɗaga hannu. A ƙarshen benci akwai yarinya mai tsaftataccen rubutu, ta cika littafi guda da amsoshi. Idan ka ɗauki tambaya ɗaya daga ciki, ka sauya lambobin kawai, ka miƙa mata, sai ta yi shiru tana juya biro. Ba daƙiƙiya ba ce. Ba a taɓa nuna mata hanyar da aka bi aka iso ga C ba, ita kuma ba ta san tana da haƙƙin tambaya ba. Mahaifinta ya biya kuɗin wata uku, kuma a ransa 'yarsa na karatu.

Kada a fahimce ni a karkace. Bitar tambayoyin baya na da amfani ga wanda ya riga ya fahimci darasin: tana koya masa sauri da sanin salon masu tambaya. Haka nan koyon kwamfuta wajibi ne. Yaron da ya taso a ƙauye, bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, hannunsa na rawa, agogo na tafiya a kusurwar allo, zai iya zubar da minti 15 kafin ya natsu, ko da ya fi kowa sanin kimiyya a ɗakin. Alhali JAMB ta sauƙaƙa abin: da haruffan A, B, C, D ake zaɓen amsa, N ta kai ka gaba, P ta dawo da kai baya, S ta miƙa aikin. Akwai kuma jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin ta gaskiyar. Wannan horo ne na mako ɗaya ko biyu, kuma kowace makaranta ya kamata ta nema wa ɗalibanta shi. Abin da mako biyu ko wata uku ba za su gyara ba shi ne yaron da ba ya iya karanta sakin layi na Turanci ya faɗi abin da ya fahimta, ko wanda raba lamba ke gagararsa. Irin wannan yaro ba kimiyyar ce ke kayar da shi ba, tambayar ce ba ya ganewa. Ya zo nan ne saboda shekara da shekaru ana ciyar da shi gaba aji zuwa aji ba tare da kowa ya tsaya ya saurari karatunsa ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami 1 ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare. Malaman da ke zaune a nan sun san ajin da ya haura 100 ba baƙon abu ba ne. Wa zai saurari karatun yara 100 ɗaya bayan ɗaya cikin minti 40?

Abin da ke ba ni takaici shi ne mu ne ya fi kamata mu san maganin. A makarantar allo, malam ba ya barin yaro ya wanke allonsa sai ya biya karatun a gabansa ya ji ya zauna. A karatun zaure, kowane ɗalibi na zuwa da littafinsa, ya durƙusa gaban malam, ya ɗauki gwargwadon abin da zai iya, gobe ya dawo a ji inda ya kwana kafin a ƙara masa. Ba a haɗa mai Ahalari da mai Risala a ce su tafi tare. A 1984 wani masanin ilimi a Amurka, Benjamin Bloom, ya ruwaito cewa ɗalibin da aka koyar shi kaɗai, ana tabbatar da ya iya darasi kafin a wuce, yakan zarce kusan kashi 98 cikin 100 na waɗanda aka koyar a aji irin na yau da kullum. Binciken da ya biyo baya bai samu tazara mai yawa haka ba, amma ya tabbatar da cewa hanyar na aiki. A Indiya ƙungiyar Pratham ta gina shiri a kan wannan tunani: a gwada yaro, a sa shi rukunin da ya dace da iyawarsa ba da shekarunsa ba. An gwada irinsa a nan Kano, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, ƙarƙashin shirin KaLMA, inda aka fara da koya wa yara karatu da Hausa. Duk lesin da ya amsa sunansa haka yake farawa: malami ya zauna da yaro ya gano inda ya tsaya. Wurin da ya karɓi kuɗinka bai gwada ɗanka ba, bai san abin da zai koya masa ba.

Yanzu zan juyo gare mu malamai, kuma ina roƙon a yi mini haƙuri. Na san albashi ba ya kai wata. Malamin da ya yi aikinsa na safe tsakani da Allah, da yamma ya koyar don ya ƙara abin cefane, halal ɗinsa yake ci, babu mai ce masa don me. Amma akwai wanda ke tsallake babi a aji da gangan, ya ce wanda ke son cikon ya same shi a lesin. Akwai mai fito da tambayoyin gwajin zango daga abin da ya koyar da yamma kawai. Wannan cin amana ne. An biya shi albashi don ya koyar da wannan babin, ya ɓoye shi ya sake sayarwa, kuma wanda ya cuta shi ne ɗan talakan da ba shi da na biya. Shugaban makarantar da ya san ana haka ya kau da kai yana da nasa kason na alhakin.

Daga nan zuwa wuraren da ake kira mirakul santa taki kaɗan ne. Su ma da sunan lesin suke farawa, sai a ce a ƙara kuɗi a yi wa yaro rajista a wata makaranta a bayan gari, inda ranar jarrabawa ake rubuta amsa a allo. Satar amsa tsohuwar cuta ce, tun kafin fallasar takardun WAEC ta 1977 ake fama da ita, kuma akwai dokar 1999 da ta tanadi tara da ɗauri a kanta. Sai dai doka ba ta shiga ɗakin da uba ke ƙirga kuɗi yana ba ɗansa ya kai. Sakamakon muna ganin sa: takarda ɗauke da kiredit 9, JAMB kuma maki 130. Idan ma yaron ya samu ya kutsa jami'a, wata rana shi ne zai riƙe allura a asibitin garinku, ko ya riƙe alli a gaban jikokinku. Kuma darasin farko da ya koya daga mahaifinsa shi ne cewa abin da ba ka iya ba ana sayensa.

Akwai waɗanda ba a maganarsu sam idan ana zancen lesin. Yarinyar da za ta dawo daga makaranta ta ɗora girki, ta tafi islamiyya, kuma ba za a bar ta fita bayan magariba ba. Yaron da ke tafiya kasuwa ko gareji da yamma. Ɗan ƙauyen da babu mai koyar da lissafi ko a makarantarsu, balle a waje. Duk lokacin da karatun gaske ya tashi daga aji ya koma wurin biya, waɗannan ne ake bari a baya. Jihar Kano ta taɓa nuna wata hanya. A 1977 ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, aka zaɓo yara ta hanyar gwaji, aka ba su malamai da kayan aiki da kuɗin gwamnati. Likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can, da yawansu 'ya'yan manoma ne da ba su taɓa biyan sisin kwabo na lesin ba. Aji ne aka gyara.

Gyaran aji nauyin gwamnati ne, kuma kada mu gaji da tuna mata. Amma akwai abin da ke hannunmu. Uba, kafin ka biya, ka je wurin da ƙafarka, ka ƙirga yaran da ke ajin, ka tambayi malamin me ya gano ɗanka bai iya ba. Bayan wata guda ka sa yaron ya yi maka bayanin abu ɗaya da ya koya, da Hausa, ko da ba ka yi boko ba. Za ka gane mai fahimta daga mai hadda. Idan kuɗin ba zai ishi 'ya'ya biyu ba, ɗan firamaren da bai iya karatu ba ya fi buƙatarsa, domin shi har yanzu akwai lokaci.

Ga jama'ar gari kuma, muna da ɗalibanmu na jami'a da kwalejin ilimi da ke zaman hutu, muna da 'yan bautar ƙasa, muna da malaman da suka yi ritaya, ga azuzuwan firamare a rufe tun azahar. Ƙungiyoyin ɗalibai a garuruwa da dama sun daɗe suna yin lesin kyauta lokacin dogon hutu. Abin da ke kashe shi rashin alli da kuɗin mota ne, abin da attajiri ɗaya zai iya ɗauka. Ina roƙon shugaban taro, kafin mu watse, kowace unguwa ta ba da sunan mutum biyu da za su nemo aji da masu koyarwa, a fara da yaran firamare 3 zuwa 6, rukuni kada ya wuce 15, a ware wa 'yan mata lokacin da iyayensu za su yarda, kuma a gwada kowane yaro a ranar farko. A sa ranar da za a dawo a ba da rahoto.