Fure Sai Da Barbara Yake Zama Ɗa

Jawabin da malamin gona ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a Maruta, cikin ƙaramar hukumar Gwaram.

Sau da yawa manomi yakan ga kankanarsa ta yi fure birjik, amma 'ya'ya kaɗan, wasu ma a karkace. Sai ya ɗora wa taki laifi. Alhali kuwa wani lokaci rashin barbara ne.

Kamar dabbobi, tsirrai ma suna da namiji da mace. A jikin fure akwai wani gari rawaya mai laushi. Sai garin nan ya kai ga macen fure kafin ta ƙulla ɗa. A masara, iska ce ke kwaso shi daga bununi ta zuba a kan gemu. Furen kuka kuwa, jemagu ne ke barbararsa da dare.

Kankana da kabewa sai da ƙudan zuma. Macen furensu tana da ɗan ƙulli a gindinta, namiji ba shi da shi. Furen yakan buɗe da safe, kwana ɗaya kawai. In ƙudan zuma bai zo ba a ranar, ƙullin ya bushe ya faɗi.

Don haka mai feshin maganin ƙwari da safe, lokacin da gona ke fure, yana kashe ɗan ƙodagon da ba ya karɓar ko sisi. In feshi ya zama dole, a bari sai da yamma lis. Mai ɗiban zuma kuma kada ya babbake amya da wuta. Hayaƙi ya isa.

Dabino kuwa, namiji itace daban, mace daban. In an shuka ƙwallo, kusan rabi maza ne, ba sa 'ya'ya. Kada a sare su duka. Da zarar furen mace ya tsage, cikin kwana 2 ko 3 a yanko silin furen namiji, a sa a tsakiyarsa a ɗaure. Da haka namiji ɗaya kan ishi mata kamar 50. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi tashar binciken dabino da ke Dutse.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.