Ƙaramar Kwaleji a Amurka: Abin da Mai Neman Shiga Zai Auna



An nemi in yi magana a kan wani irin makarantu da ke Amurka, watau ƙananan kwalejojin ilmin gama-gari, domin wasunku na da ƙanne da ke haramar neman shiga. Irin wannan kwaleji ɗalibanta ba su cika wuce 2,000 ba, kuma akasari digirin farko kaɗai take bayarwa, cikin shekara 4. Ba a tsare yaro a fanni guda tun ranar da ya shiga. Sai ya ɗanɗana tarihi da lissafi da adabi da kimiyya, sa'an nan wajen ƙarshen shekara ta biyu ya zaɓi inda zai zurfafa.

Babban abin da ake saye a can shi ne kusanci da malami. Aji na mutum 15 ba a ɓuya a cikinsa. Shehun malami da kansa zai karanta rubutunka, ya san sunanka, ya kuma lura ran da ba ka zo ba. Mu da muka saba sauraron lacca ta taga mun san darajar wannan. Kofi Annan na Ghana, wanda ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006, a irinta ya gama a 1961, watau Macalester ta jihar Minnesota, inda sanyi ke iya ƙone kunne.

To, amma a ganina wanda zuciyarsa ta riga ta tsaya a kan likitanci ko aikin lauya ya yi lissafi tukuna. A Amurka sai an gama digirin farko ake shiga waɗannan, ga ƙarin shekaru, ga ƙarin kuɗi. Injiniyanci kuwa yawancinsu ba su koyar da shi.

Kuɗin ma ba na wasa ba ne. A fitattunsu, karatu da ɗaki da abinci sun haura dala 80,000 a shekara. Saboda haka kada a dubi farashin da aka rubuta, a dubi tallafin da za a ba baƙo. Amherst ba ta duba aljihun mai nema kafin ta ɗauke shi, ko daga wace ƙasa ya fito. Berea ta jihar Kentucky, wadda aka kafa a 1855, ba ta karɓar kuɗin karatu, sai dai kowane ɗalibi ya yi wa makaranta aikin aƙalla awa 10 a mako.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: shin kwalejin kanta za ta rayu? Green Mountain ta jihar Vermont ta rufe a 2019 da ɗalibai a cikinta, sai da suka nemi wasu wurare. Don haka a tambayi yawan dukiyar da makaranta ta ajiye, a tambayi ko tallafin na shekara 4 ne cur, kuma a nemi amsar a rubuce kafin a biya ko kwabo.